Yadda Na Sayar Da Jar Motar Baba Adamu

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis a Alƙahira ba, cikin zafin shekarar 2013, ranar da na sayar da motar bawan Allah ba tare da na san na sayar ba. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai sai in ji wuyana ya ɗau zafi, rabi kunya rabi haushi. Kuma gaskiya haushin ya fi yawa, don ba ni kaɗai na tafka wannan aika-aikar ba, taya ni aka yi.

Lokacin ina shekara ta biyu a karatun Shari'a, ina zaune a unguwar Darrasa tare da 'yan uwana ɗalibai 'yan Arewa. Da ka ji ni ina magana a kwanakin nan sai ka rantse ni na rubuta babin ciniki. Sharuɗɗan mai saye, sharuɗɗan mai sayarwa, saɓanin malamai, duk suna kaina. Ga shi kuma ina yawan tuna wa mutane cewa mahaifina dillalin motoci ne a Kano (abin da ba na faɗa shi ne ko sau ɗaya ban taɓa bin sa wurin ciniki ba, iyakata in wanke gilashi idan an kawo mota gida). Larabcina kuwa na littafi ne zalla. Idan na je sayen tumatir na buɗe baki, mai tumatir kan jira in gama, ya ce “Sadaƙallahul Azim,” sannan ya auna mini.

Baba Adamu Bahaushen Sudan ne. Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa zai je Makka, ya yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Shi kuma Baba rayuwa ta turo shi Masar, ya kama wani ɗan gareji na haya a bayan layin dogo, can gefen unguwar Ma'adi, shekara ashirin da shida yana gyaran mota a ciki. A jirgin ƙasa muka haɗu, ya ji ina waya da Hausa ya dafa kafaɗata ya ce, “Ɗan nan, na wane gari ne?” Tun daga ranar duk Juma'a ina wurinsa, ina cin abincinsa ina ba shi fatawar da bai tambaya ba.

A cikin garejin nan motar take. Ja ce wur, ƙofa biyu, ƙirar Amurka ta farkon shekarun saba'in, silinda takwas, boneti dogo kamar tabarmar masallaci. Ta wani Ba'amurke ce ma'aikacin mai, wanda Baba ya daɗe yana yi wa gyara. Da gari ya rikice a 2011 baƙi suka riƙa tattara nasu ya nasu, sai mutumin ya bar masa ita da takardunta a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Shekara biyu Baba yana zuba mata duk abin da ya samu. Ya sauke injin ya sake ɗaura shi, ya sa mata babbar kafireta, ya cire tsohuwar giya ya sa mai biyar, ya canza birkin ƙafa huɗun zuwa na faifai, ya sa lagireton da zai iya da zafin Masar, ya sa salansa biyu, har na'urar sanyaya ciki ya ƙaƙaba mata. Idan ya tayar da ita, kofunan gidan shayin da ke kallon garejin sai sun yi rawa a kan tebur.

Ba don yana so zai sayar ba. Mai ginin ne ya rasu, magada suka ce masa ko ya sayi garejin kafin ƙarshen wata mai kamawa, ko ya kwashe kayansa. Baba ba shi da gona, ba shi da gida, ba shi da fansho. Motar nan ce kawai za ta iya saya masa wurin da ya tsufa a ciki, ita ma sai idan ta yi kuɗi yadda ya kamata.

Nan na shigo da faɗin rai. Na ɗauki hotuna na sa a intanet, na rubuta bayani da Turanci, kuma Allah ya taimake ni, wani Bature mazaunin Ma'adi ya bugo waya ya ce zai zo ranar Asabar. Abin da ya ambata ma ta waya ya kusa kai abin da Baba yake nema. Kaina ya ƙara girma. Na ce wa Baba, “Ai kamata ya yi ka naɗa ni wakili a gaban shaidu, don haka Shari'a ta tanada.” (Ba haka ta tanada ba. So nake kawai mutanen layin su san matsayina.) Dattijon kirki, ya kama hannuna ya tsallaka da ni gidan shayi, a gaban Ammu Rajab mai shayi da Usta Hilmi mai guga ya ce, “Wannan ɗana ne kuma wakilina a kan motar nan. Bakinsa bakina.”

Ranar Alhamis ɗin Baba ya tafi ofishin lasisin motoci karɓo takardar da ta nuna hukuma ta amince da gyare-gyaren da ya yi. Wanda ya san ofishin nan ya san wuni ake yi. Kafin ya tafi ya ce mini, “Malam, duk wanda ya zo nuna masa, tayar masa ya ji, amma kada kowa ya hau titi da ita. Maganar kuɗi kuma a bari sai Asabar.”

Na ce, “Haba Baba, ɗan dillali kake yi wa wannan bayanin?”

Wajen ƙarfe sha ɗaya sai ga wani mutum ya sauko daga baƙar mota. Dattijo ne mai ƙiba, farar jallabiya, farin gemu, carbi a hannu, ga tabon sallah a goshi kamar an buga masa hatimi. Hajji Sabri ake ce masa, yana da shagon sayar da motoci a tsallaken gari. Tun daga nesa ya buɗe hannu ya ce, “Maulana!” Ni da ban gama shekara ta biyu ba, wai Maulana. Wallahi a nan ya fara saye na, tun kafin ya kalli motar.

Ya zagaya ta sau uku yana ƙwanƙwasa bodi yana girgiza kai kamar ya zo ta'aziyya. Na buɗe masa boneti, ya leƙa, ya yi salati.

“An ɓata ta,” in ji shi. “Wa ya aiki mai gyaran nan? Motar tarihi da birkin zamani? Da giyar da ba tata ba? Masu sayen irin wannan, yadda aka haife ta suke so. Ga kuma kafireta kamar bakin rijiya, a wannan marrar da mutane ke wuni a layin mai. Wa zai ciyar da ita?”

Raina ya ɓaci. Na gyara tsayuwa na shiga zuba masa bayani ɗaya bayan ɗaya, duk abin da na ji Baba yana faɗa, da Larabcin nan nawa na mumbari. Na yi masa huɗuba a kan birki, na yi ta biyu a kan lagireto. Na tayar da ita na taka totur har tantabarun kan rufi suka watse. Yana ta kaɗa kai yana cewa, “Masha Allah, ilimi haske ne.” Sannan ya ja ni gidan shayi ya ce rana ta yi zafi, a zauna.

Awa biyu muka yi a zaune. Ya tambaye ni iyayena, ya tambaye ni Kano, ya ce yana da aboki ɗan Najeriya da suka yi aikin Hajji tare, mutanen kirki masu riƙon addini. Ya tambaye ni wata mas'ala ta gado, na warware masa, ya sumbaci yatsunsa. Ammu Rajab yana kawo shayi, Usta Hilmi ya bar gugarsa ya jawo kujera. Can sai Hajji Sabri ya sassauta murya ya faɗi kuɗin da zai iya biya, wai don darajata kawai. Kuɗin da ko injin da giyar bai biya ba!

To ga inda tarbiyya ta cuce ni. Ni a gidanmu ba a kallon mai furfura a ce masa a'a ƙiri-ƙiri. Sai na sunkuyar da kai, na yi murmushi, na ce, “Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri.” A raina na gama ƙin tayinsa cikin ladabi, har ina yaba wa kaina.

Sai ya miƙo hannu ya ce, “Yalla, Maulana, a karanta Fatiha.”

Ku yi mini adalci a nan. A wurinmu idan an yi zama, ko na sulhu ne, ko na gaisuwa, ko taron unguwa, aka ce a yi Fatiha, ai an gama ke nan, kowa ya shafa ya nemi takalminsa. Ba ta nufin an yarda, ba ta nufin an ƙi. Ni daɗi ma na ji, na ce alhamdulillahi mutumin nan zai tafi in samu in ci abinci. Babu wanda ya taɓa gaya mini, ko a aji ko a ɗaki, cewa a kasuwar Masar idan mai saye da mai sayarwa suka haɗa hannu suka karanta Fatiha, ciniki ya faɗa, kuma ya fi sa hannu a takarda ƙarfi. Malamai nawa suka karantar da ni babin ciniki? Ko ɗaya bai ga ya dace ya ambaci wannan ba.

Na sa hannuna a nasa. Ya riƙe gam bai saki ba (ko wannan bai sa na farga ba). Ammu Rajab ya ajiye tire ya ɗaga tafukansa, Usta Hilmi ya miƙe tsaye, masu wasan dara na teburin gefe suka dakata. Su a ɓoye suke karanta tasu, leɓe kawai ke motsi. Ni kuwa da na ga jama'a ta nutsu, sai shaiɗanin son a sani ya hau kaina. Na gyara murya na ɗauko ta da ƙarfi, da tajwidi, ina jan madda har inda numfashina ya ƙare. Da na idar ban tsaya nan ba, sai da na ɗora da addu'a: Allah ya sa albarka a abin da muka taru a kansa, Allah ya hana mu warware alƙawari. Wallahi da bakina na faɗi haka. Suka amsa da amin ɗin da har mai gyaran taya na ƙarshen layi ya leƙo.

Sai kowa ya ɗauka, “Mabruk! Alf mabruk!”

Hajji Sabri ya rungume ni, ya sa aka raba wa kowa lemon kwalba, ya ce zai dawo kafin magariba. Mutane suna ta ba ni hannu. Ni kuma ina ta sunne kai ina cewa, “Ba komai, baiwa ce daga Allah,” don na ɗauka muryata ake taya ni murna a kai.

Bayan la'asar Baba ya dawo, rigarsa ta jiƙe da gumi, takardar a hannu yana fifita da ita, fuskarsa fal murna. Bai kai ƙofar gareji ba Ammu Rajab ya ɗaga masa murya daga tsallake, “Mabruk ya Usta Adam! Allah ya musanya maka da wadda ta fi ta!”

Baba ya tsaya. Ya dube shi, ya dube ni.

“Malam, murnar me ake yi mini?”

Na ce, “Wani dattijo ne ya zo ya yi tayin banza. Na sallame shi cikin mutunci, har Fatiha muka yi muka rabu lafiya.”

“Kuka yi me?”

“Fatiha.”

“Hannunka a cikin nasa?”

“E.”

“Bayan ya faɗi kuɗi?”

Sai a lokacin na fara farga. Na faɗa masa abin da mutumin ya taya. Baba bai yi ihu ba, da ma ya yi. Jawo wata tsohuwar taya ya yi ya zauna a kai, ya ninke takardar nan da ya wuni a layi dominta, ya sa a aljihu, ya ce a hankali, “Ɗan nan, ka sayar.”

Kafin ka ce kwabo layin ya cika. Ni kuma maimakon in yi shiru kunya ta kashe ni a wuri ɗaya, sai na hau dokin zuciya. Na tsaya a tsakiyar titi ina jawo nassi. Ina lafazin sayarwa? Ina na karɓa? Ina yardar mai dukiya? Wakili ba ya ƙetare abin da aka iyakance masa! Na kawo mazhaba huɗu, na kawo sunan littafi da babi. Mata suna leƙowa ta baranda, wani yana fassara wa wani Larabcina zuwa Larabci. Na juya kan Usta Hilmi na ce, “Kai da ka san darajar motar nan, ka ji kuɗin, me ya hana ka taka mini ƙafa?”

Ya ɗaga kafaɗa ya ce, “Ni na ga kana murmushi. Kuma Usta Adam da kansa ya ce bakinka bakinsa. Na zaci kun shirya.”

Ana cikin haka Hajji Sabri ya iso da direbansa. Na tare shi, ladabin gidanmu duk ya gudu, na ce, “Ka ji tsoron Allah! Ka san sarai ban san al'adarku ba!”

Ko gezau bai yi ba. Ya juya carbinsa ya ce, “Maulana, kai ne mai karatun Shari'a, ni ko firamare ban gama ba. Kai ka karanta, kai ka yi addu'a. Ni amin kawai na ce.”

Jama'a suka kwashe da dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Kuma har gobe ina nan a kan bakana: mutumin nan ya sani. Tun daga “Maulana” ɗin farko ya auna ni ya ga ɗanyen kai, ya zauna awa biyu yana dafa ni a hankali. Tabon goshinsa bai hana shi ba.

Na ja Baba cikin gareji na ce masa babu kotun da za ta tilasta shi, babu takarda, babu kafin alƙalami, ya ce ya fasa kawai. Jibi Bature zai zo. Har hawaye na yi ina roƙonsa.

Ya ce, “Na san babu kotu. Amma ka saurare ni. Ni baƙo ne a ƙasar nan. Ba ni da dangi a nan, takarduna ma duk shekara sai na je na yi layi an sabunta. Shekara ashirin da shida mutanen layin nan suna bar mini makullan motocinsu su tafi, ba su taɓa neman rasit ba. Ka san dalili? Ba a taɓa cewa Adamu ya faɗi magana ya janye ba. A gabansu na ce bakinka bakina. Idan na ce yau Fatihar ɗana ba ta ɗaure ni ba, zan samu garejin, amma wa zai kawo mota cikinsa?”

Na ce, “Baba, ai zalunci ne!”

“Zalunci ne,” in ji shi. “Shi da Allah. Ɗauko mini makullin.”

Ni na ɗauko, ni na miƙa. Direban Hajji Sabri ya tayar da ita ya fita da ita da baya, Baba yana tsaye yana nuna masa hannu kada ya goge ta da bango.

Ranar Asabar Baturen ya zo a kan lokaci, ya tarar da ɗigon baƙin mai a inda take tsayawa. Ni na yi masa bayani, tunda ni ne mai Turanci. Bayan sati biyu kuma na bi ta gaban shagon Hajji Sabri da gangan, don in ƙara wa kaina ciwo. Ga ta nan a bayan gilashi tana sheƙi, an jingina mata allo an jera abubuwan da take taƙama da su: birkin faifai, giya biyar, sabuwar kafireta, lagireto na musamman. Duk abin da ya tsaya a gabana ya ce an ɓata ta da shi, shi ya rubuta da jan fenti. Na daɗe a wurin ina zaginsa a zuci, da Hausa, don Larabcina ba shi da irin kalmomin da nake bukata.

Kuɗin da Hajji Sabri ya biya bai kai ko kusa ba, magada suka sayar wa wani da garejin. Ƙarshen wata muka kwashe kayan Baba a bayan wata 'yar a-kori-kura. Wani tsohon abokin sana'arsa ne ya ce ya zo ya riƙa yi masa aiki a unguwar Basatin, mutum mai shekara sittin da ɗoriya zai koma ƙarƙashin wani. Na ɗauki kaya ranar kamar jaki, ban yarda na haɗa ido da kowa ba. Baba bai taɓa ɗaga mini maganar ba, abincin Juma'a ma bai fasa ajiye mini ba, kuma wannan ya fi mari ciwo.

Da aka gama lodi mutanen layin suka taru yin sallama. Ammu Rajab, ko don ya gyara mini zuciya ko don ya ƙarasa ni, oho, ya ce, “To kafin a tashi, Maulana ya yi mana addu'a.”

Baba ya yi wuf ya rungume akwatin sifanunsa ya ce, “A'a, don Allah ku bar shi. Wannan kaɗai ya rage mini.”

Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Shi ma ya yi, sannan ya juya baya ya goge ido da hannun riga, ya hau gaban mota.

Na gama karatuna, na dawo gida, yau har ana kira na ɗaurin aure da raɗin suna. Amma duk inda aka ce, “Malam, a yi mana Fatiha,” sai na tura hannuwana cikin aljihu tukuna na tambaya a kan me, kuma dukiyar wa. Mutane suna cewa na cika ƙa'ida. Su faɗi abin da suke so, ba su ne suka miƙa makullin ba.